Iri Kafin Taki: Nazari a Kan Ƙarancin Amfanin Dankalin Turawa a Tudun Jos

A ƙididdigar da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ke fitarwa, Nijeriya na shuka dankalin turawa a filin da ya haura hekta 300,000 duk shekara, amma abin da take kwashewa a kowace hekta bai cika tan 4 ba. Matsakaicin amfanin hekta a duniya ya ɗara tan 20. Manomin Holan ko na Amurka yakan haƙe sama da tan 40 a fili daidai wannan. Masar da Aljeriya, waɗanda su ne kan gaba a Afirka wajen yawan dankalin da ake nomawa, suna kai-komo a wajajen tan 30. Ko Kenya, inda masu wannan noma talakawa ne masu 'yan ƙananan gonaki irin namu, ta ninka mu.

Adadin nan yana buƙatar duban tsanaki kafin a ɗora hukunci a kansa. Mafi yawan dankalin ƙasar nan daga Jihar Filato yake fitowa. Faɗin jihar kuwa gaba ɗaya, har da duwatsunta da garuruwanta da yankinta na gangare mai zafi inda dankali ba ya yi, bai wuce hekta miliyan 3 da 'yan kai ba. A ce kashi ɗaya cikin goma na wannan duka dankali ne, da wuya hankali ya ɗauka. Ga kuma al'adar haɗa shuka: idan aka ƙirga gonar da dankali ke zaune tare da masara a matsayin cikakkiyar hektar dankali, dole awon ya faɗi. A ganina filin da aka rubuta ya fi na zahiri yawa, amfanin hekta kuma ya fi wanda aka rubuta. To amma ko mun ninka adadin don yi wa manomi adalci, ba mu kai rabin matsakaicin duniya ba. Giɓin yana nan, kuma babba ne.

Idan aka tambayi dalili, amsar da aka saba ji ita ce tsadar takin zamani, tsadar maganin feshi, da rashin mai ba da rance. Duk gaskiya ne. Sai dai abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne babbar ɓarnar tana aukuwa tun ba a saka garma a gona ba, a cikin buhun irin da manomi ya jingine a ɗaki. Kuɗin da aka zuba wa irin da ya riga ya kamu da cuta ba ya dawowa yadda ya kamata, komai yawansa.

Dankalin turawa ɗan tsauni ne. An fara nomansa a tsaunukan Andes, a kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, shekaru kusan 8,000 da suka wuce, kuma har yau bai bar halin gidansu ba: ba ya zuba 'ya'ya sosai sai dare yana da sanyi. Idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20 a ma'aunin Salshiyas, yakan yi yadda ake so. Da zarar ya doshi 30, sai ya yi ta ganye, ƙasa kuwa babu abin kirki. Abin da ya zaunar da shi a tudun Jos ke nan, inda ƙasa ta ɗaga sama da mita 1,200. Turawan mishan da na haƙar kuza ne suka zo da shi don cin kansu, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta ƙarfafa nomansa don ciyar da soja. Daga nan ya koma hannun 'yan ƙasa. A yau Bokkos da Mangu da Barikin Ladi su ne cibiyarsa, sai Riyom, Pankshin, Jos ta Kudu da Bassa. Ƙabilun Ron da Mwaghavul da Berom suna nomansa, haka ma Hausawa da Fulani, musamman da rani a bakin tafkunan da haƙar kuza ta bari. Ana yin sa a tudun Mambila ma, da wasu fadamun Kano da Kaduna a lokacin hunturu.

Shukar damina tana shiga ƙasa da saukar ruwan farko, Afrilu zuwa Mayu, a haƙe ta a Yuli da Agusta, bayan kwana 90 ko ɗan fiye. Wannan lokaci shi ne darajarta a wurin talaka. Tana isowa rumbu ya yi ƙasa, masara da acca ba su nuna ba, ga kuɗin makaranta yana tafe. Daga kasuwar Maikatako da ta Mangu manyan motoci ke kwasa zuwa Abuja, zuwa 'Yankaba a Kano, zuwa Mile 12 a Legas. Duk abin da ya taɓa dankali a waɗannan ƙananan hukumomi ya taɓa tukunyar gida kai tsaye.

Masara da gero da dawa ƙwayarsu ake shukawa, busasshiya, mai sauƙin ajiya, kuma yawancin cututtukan uwa ba sa bin ta. Dankali ba haka yake ba. Abin da ake binnewa wani yanki ne na jikin uwar, ɗanye, kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, yana numfashi, yana tsufa a ajiye. Duk cutar da ke jikin uwar tana iya kasancewa a cikinsa, ta tashi tare da sabon tsiro, ta sake sauka cikin 'ya'yansa. Wannan bambanci guda ɗaya shi ke bayyana mafi yawan wahalar noman dankali a ko'ina cikin duniya.

Ga kuma nauyi. Idan aka bar tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 30 tsakanin gindi da gindi, hekta ɗaya tana ɗaukar gindi kusan 44,000. A ce kowane iri ya kai girman ƙwan kaza, gram 50, ana buƙatar tan 2 da ɗoriya, buhu 44 na kilo hamsin-hamsin. Mudun masara ɗaya kan ba da mudu ɗari ko fiye, amma buhun irin dankali, a gona mai kyau, takwas zuwa goma yake bayarwa. Shi ya sa iri kaɗai yakan cinye sulusi zuwa rabin kuɗin noman. A juya lissafin ta ɗaya ɓangaren: gonar da ta ba da tan 4 a kan gindi 44,000, kowane gindi ya ba da gram 90 ke nan, ƙwaya biyu 'yan madaidaita. Don a sami tan 20, gram 450 ake nema a gindi, abin da lafiyayyen dankali ke bayarwa ba tare da wani abin al'ajabi ba.

Manomin da ba shi da kuɗin sayen buhu 44 dole ya ajiye iri daga amfaninsa, kuma a nan ne tarkon yake. Ranar haƙa ana zube dankali a tsibi, a ware manya don kasuwa tunda su ne masu tsada, matsakaita a ci ko a sayar, 'yan ƙananan da dillali ba ya so su zama iri. Ta fuskar kuɗin ranar, dabara ce mai kyau: ƙanana sun fi yawa a buhu, sun fi cika fili. Amma wane gindi ne ya fi haihuwar 'yan ƙanana? Wanda ke ɗauke da cuta. Ashe duk shekara manomi yana tsince 'ya'yan marasa lafiya da hannunsa, yana mai da su iyayen baɗi, lafiyayyun kuma yana loda su a mota. Bayan 'yan shekaru sai ka ji yana cewa irin ya gaji, ya tafi kasuwa ya sayi wani, wanda shi ma 'yan ƙananan wani manomin ne da aka ware ta wannan hanya. Ba jahilci ya kawo haka ba. Talauci ne ke tilasta zaɓin da ke biyan buƙatar yau ya ci ta gobe.

Abin da ke gajiyar da irin, galibi ƙwayoyin bairos ne. Biyu sun fi ɓarna: wanda masana ke kira PVY, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya tamuƙe, da PLRV, mai naɗe ganye sama ya taurara shi. Darɓa ce ke yawo da su daga gindi zuwa gindi yayin da take tsotson ruwan ganye. Ba sa kashe shuka, shi ya sa ido ba ya tsorata da su. Suna dai rage mata ƙarfi, kuma yawan gindin da suka kama yana ƙaruwa daga shuka zuwa shuka. Babu maganin feshin da ke warkar da gindin da ya kamu. PVY ma, ko feshin kashe darɓa bai cika hana shi ba, domin cikin daƙiƙoƙi ƙwaron ke sa shi, kafin guba ta kama shi.

Ciwon yaushi ya fi wannan muni, don shi har ƙasa yake lalatawa. Ƙwayar bakteriya ce mai suna Ralstonia solanacearum take toshe hanyoyin ruwa a cikin kara, sai ka ga gindi ya yi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa a jiƙe take. In an yanka ƙwayar dankalin, za a ga zobe ruwan ƙasa a ciki yana fitar da farin ruwa mai yauƙi. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a bakin gona: a yanko guntun kara daga gindi, a rataya bakinsa cikin kofin gilashi mai ruwa garau, in farin zare ya fara sauka kamar hayaƙi cikin 'yan mintoci, ita ce. Haɗarinta a wuri mai sanyi shi ne tana iya ɓuya. Gindi ya yi kyau, 'ya'ya su yi kyau, ƙwayar tana ciki tana jira, sai an kai irin wuri mai ɗumi ta bayyana. Ta haka take tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye a cikin buhu. Tana bin wuƙar da ake tsaga iri da ita, tana bin fartanya, tana bin ruwan ban ruwa.

Maganinta a rubuce mai sauƙi ne: a hutar da gonar daga dankali shekara uku ko huɗu, kada a sa tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta tunda dangi ɗaya ne, a kuma tumɓuke gyauro duk inda ya fito, don gyauro ne ke riƙe cutar a ƙasa. A aikace kuwa, mai gonar da ba ta cika hekta ɗaya ba, wanda da rani ma tumatir da tattasai ne kuɗinsa, ina zai kai dankalinsa shekara uku? Duk shawarar da ba ta amsa wannan ba a kan takarda za ta tsaya. Abin da zai yiwu shi ne a raba gonar gida-gida, masara da acca da wake su riƙa zagayawa, sannan a keɓe wuri mafi tsabta domin iri kaɗai. Zan dawo kan wannan.

Cutar da kowa ya sani, wadda ke shiga labarai, ita ce ƙunar ganye ta damina, mai suna Phytophthora infestans. Ita ce ta jefa Ailan cikin yunwa daga 1845, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira, saboda talakawan ƙasar sun dogara kusan kacokan a kan dankali, kuma galibi nau'i ɗaya. Tana son sanyi-sanyi da laima: zafi tsakanin digiri 10 da 25, ganye ya kwana a jiƙe. Wannan kuwa shi ne yanayin tudun Jos daga Yuni zuwa Agusta, da hazonsa da yayyafinsa. Tana farawa da ɗigo baƙi-baƙi a bakin ganye, da farin gari a ƙarƙashinsa da safe, cikin ƙasa da mako ta sake haihuwa, cikin mako biyu gona ta koma kamar an bi ta da wuta. Manoman Filato sun ɗanɗana a daminar 2014, suka sake ɗanɗanawa a 2022, lokacin da gonaki masu yawa a Bokkos da Mangu suka ƙone tun 'ya'yan ba su yi girma ba.

A nan feshi yana aiki, amma da sharaɗi. Mankozeb, wanda ya fi araha, rufe ganye yake yi ya hana cutar shiga, ba ya warkar da wanda ya kamu, ruwan sama kuma yana wanke shi. Dole a fara shi kafin a ga alama, a maimaita kusan duk mako idan sama ta ɗaure. Masu shiga jikin shuka, irin metalaksil da ke cikin Ridomil, sun fi ƙarfi, sun fi tsada, kuma cutar takan saba da su in aka yawaita. Abin da ya fi faruwa shi ne manomi ya jira sai ya ga baƙi a ganye, sannan ya nemi bashi, ya sayi abin da kuɗinsa ya kai, ya tsinka shi don ya ishi gonar, wani lokacin ma jabu aka sayar masa. Ya kashe kuɗi, gonar ta tafi. Ko wannan ma yana komawa ga iri ta hanya biyu. Ƙwayar dankalin da ta kamu, in aka shuka ta ko aka yar a gefen gona, ita ce mafarin annobar baɗi. Sannan nau'o'in da suka mamaye tudun, Nicola da ta daɗe da Marabel da ta biyo baya, duka a Jamus aka samar da su, domin manomin da ke da na'urar feshi da kuɗin fesawa sau da yawa a shuka ɗaya.

A 2023 Nijeriya ta amince da sababbin nau'o'i huɗu da suka fito daga Cibiyar Dankali ta Duniya, CIP, wadda aka kafa a Lima a 1971: Unica, Juriya, Babban da Kyau. Reshen dankali na Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Kuru, kusa da Jos, shi ya yi gwajinsu. Wannan ci gaba ne na gaske, domin juriyar cuta da ke cikin jinin shuka ita ce kariyar da talaka ba ya sake biya duk mako. Amma yawan amfani a gonar gwaji ba shi ke sa nau'i ya karɓu ba. Kenya ta ga haka. Nau'in Shangi ya bazu daga hannun manomi zuwa hannun manomi har ya mamaye fiye da rabin gonakin ƙasar tun hukuma ba ta yi masa rajista ba, saboda yana nuna da wuri, yana saurin dahuwa, yana kuma tsira jim kaɗan bayan haƙa, ta yadda za a mai da shi ƙasa ba jira. Unica fatarta ja ce. Ko mai suyar dankali da ƙwai a Kano zai karɓe ta, ko matar gida a Jos za ta so yadda take a faten dankali, waɗannan tambayoyi ne da ya kamata a kai kasuwa da buhu a hannu, a lokaci guda da ake yaɗa irin.

Ƙasashen da ke samun tan 40 sun warware matsalar iri ta hanya ɗaya: galibi manomi ba ya ajiye nasa, yana sayen tantancaccen iri duk shekara daga masu sana'ar iri da hukuma ke dubawa. Shirye-shiryen da aka kawo Filato sun fi karkata can. Bankin Raya Afirka ya amince da shirin bunƙasa dankalin jihar a 2017, hukumar GIZ ta Jamus ta yi shekaru tana horar da manoma, an kuma ƙaddamar da tsarin dankali na ƙasa na 2023 zuwa 2028. Ana buƙatar ɗakin gwajin da ke tsirar da shuka marar cuta a cikin kwalba, babu shakka, don daga nan tsabtataccen iri ke farawa. Sai dai a yi lissafi. Ko mun ɗauka filin dankalin ƙasar nan hekta 150,000 ne, rabin abin da FAO ta rubuta, ana buƙatar iri tan 300,000 a shekara. In kowa zai sabunta nasa sau ɗaya a shuka huɗu, tan 75,000 ke nan. Kenya, wadda ta riga mu da shekaru masu yawa a wannan fage, tantancaccen irinta bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ake shukawa ba. Shigo da shi daga Turai kuwa, da canjin kuɗin yau da kuɗin jirgi da na ɗakin sanyi, ya fi ƙarfin mai rabin hekta. Manoman Bonkuku da na tsaunukan Ayar a Jamhuriyar Nijar, waɗanda suka saba da irin Turai don noman hunturu, sun san yadda jinkirin isowarsa kan ci musu kwanakin sanyi. Gaskiyar da ya kamata a gina tsari a kanta ita ce: shekaru masu yawa nan gaba, mafi yawan abin da za a shuka a tudun Jos daga hannun manomi zai fito. Saboda haka gyaran wannan irin na hannu shi ne aikin da ya fi gaggawa, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Hanyar gyaran ba ta da tsada. Maimakon a zaɓi iri a tsibi bayan haƙa, a zaɓe shi a tsaye, gona tana kore. Wajen mako shida zuwa takwas da shuka, gab da fure, manomi ya bi kunya-kunya ya kafa tsinke a gindin duk shukar da ya ga lafiyayya: kara da yawa masu kauri, ganye shimfiɗaɗɗe marar dabbare, kuma maƙwabtanta ba su yi yaushi ba. Bayan mako biyu ya sake zagayawa, duk wadda ta canza ya cire tsinkenta. Ranar haƙa a fara da masu tsinke, ɗaya bayan ɗaya, a duba abin da kowace ta haifa, wadda ta ba da kaɗan ko ruɓaɓɓe a kai ta tsibin ci, sauran a ɗebi masu girman ƙwai a ajiye daban. Masu binciken CIP, ƙarƙashin Peter Gildemacher, sun gwada wannan da ƙungiyoyin manoma a Kenya, suka sami ƙarin amfani na kimanin sulusi a shuka ta gaba, ba tare da ƙarin taki ko magani ba. Abin da ake kashewa tsinke ne da yinin aiki da idon da ya koyi gane cuta. Koyon nan shi ne wurin da malamin gona yake da amfani fiye da ko'ina, kuma a cikin gona ake yin sa, da ganye a hannu.

Dabarar tana da iyaka. In kusan duk gonar ta kamu, babu lafiyayyen da za a zaɓa, kuma ba ta ganin ciwon yaushin da ya ɓuya. Shi ya sa take buƙatar abokiyar tafiya, wato 'yar gonar iri. Manomi ya sayi tsabtataccen iri kaɗan, buhu ɗaya ko rabi, daidai ƙarfinsa, ya shuka shi a keɓaɓɓen wurin da dankali da danginsa suka daɗe ba su zauna ba, sama da inda ruwan sauran gonaki ke gangarowa, ya matse tazara don 'ya'yan su fito matsakaita, ya tumɓuke duk gindin da ya yi alamar ciwo, ya yanke ganyen da wuri. Buhu ɗaya ya zama takwas ko goma, su ne irin babbar gona. Ta haka tan ɗaya na tantancaccen iri yake yin aikin tan goma, lissafin da ya gagara ɗazu kuma ya fara shiga hankali.

Sai ajiya. Dankali yakan yi barcin wata biyu zuwa uku bayan haƙa, sannan ya fara tsira. In yana cikin buhu a ɗaki mai duhu, tsiron yakan fito fari, dogo, siriri, ya tsotse ƙwayar har ta yamutse, ranar shuka kuma ya kakkarye. In aka baje shi a kan katakai, bai fi ƙwaya biyu ko uku a kan juna ba, a rumfa mai shan iska wadda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa, fatar takan yi kore ta yi tauri, tsiron ya fito gajere, kakkaura, da yawa. Koren nan yana hana a ci shi, amma ga iri alheri ne. Tarihin wannan rumfa yana da darasi. A ƙarshen shekarun 1970 masana CIP a Peru sun dage kan rage asarar dankalin ci, sai wasu daga cikinsu suka saurari manoma, suka gane abin da ke damunsu tsiron iri ne. Da aka nuna musu amfanin haske, kaɗan ne suka gina rumfar yadda aka zana ta. Yawancinsu ka'idar suka ɗauka, suka kafa katakai a barandar gida da abin da ke hannunsu. A tudun Jos ma ba sai an jira kwangila ba: itace da ciyawa da ragar da za ta tare malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke huda dankali sun isa.

Kalandar tudun tana ƙara wa ajiyar nauyi. Irin da aka haƙa a Agusta, in na daminar baɗi ne, wata takwas zai yi a ajiye, kuma ko a rumfa mai kyau ya tsufa. Wanda aka haƙa daga noman rani a Janairu ko Fabrairu kuwa yana farkawa daidai shukar Afrilu, ga shi ya girma a lokacin da ƙunar ganye ba ta da ƙarfi. Wannan ya nuna masu noman rani su ne suka fi dacewa da sana'ar iri, muddin aka kula da abu biyu: darɓa, wadda ta fi yawa idan babu ruwan sama mai kakkaɓe ta, da ruwan ban ruwa da ya ratso gonakin tumatir. Akwai kuma sabuwar dabarar da ta fito daga Biyetnam ta bazu a Kenya, inda ake yankar kan tsiron da ya fito daga kwalba, a dasa shi cikin rumfar raga har ya yi saiwa, a sayar wa manomi kamar dashen tumatir, kowane ɗaya ya ba da ƙwaya goma ko fiye. Tana rage shekarun da iri ke yi a fili yana kwasar cuta kafin ya iso hannun mai shuka. Tana son ruwa a kai a kai da hannu mai kula, don haka ta fi dacewa da ƙungiyoyin mata da matasa masu rijiya ko tafki kusa.

Ban ce taki ba shi da muhimmanci ba. Ƙasar tudun tana da tsami, sinadarin fosfaras ya yi mata ƙaranci, kuma kowane tan na dankali yana fita da kimanin kilo 4 na fotashiyam daga gona. Kashin kaji, wanda Jos ke da shi da yawa, da tokar bola da masu lambu suka daɗe suna amfani da ita, suna taimaka wa takin zamani ƙwarai. Yawan yuriya kuwa ganye yake ƙarawa, ya jinkirta 'ya'ya, ya ba ƙunar ganye wurin zama. Tada kunya sau biyu yana rufe 'ya'yan daga rana da tsutsa da ruwan da ke wanko cuta daga ganye. Yanke ganye kwana 10 zuwa 14 kafin haƙa yana sa fata ta kama, dankali ya jure hanya. Duk waɗannan suna biya sosai a kan lafiyayyen iri, kaɗan suke biya a kan wanda ya gaji.

Abu biyu daga wajen gona suna iya rushe duk wannan. Na farko farashi: kowa yana haƙa a Yuli da Agusta, babu wurin ajiya, kasuwa ta cika, dillali ya yanka yadda ya so, ana kuma ciniki da buhu mai toliya maimakon sikeli. Wanda bai ga ribar ƙarin amfani ba, ba zai sayi iri mai tsada ba. Na biyu zaman lafiya. Rikicin Mangu na 2023 da hare-haren jajiberin Kirsimeti na waccan shekarar a Bokkos da Barikin Ladi sun faɗa a tsakiyar ƙasar dankali. Bayan rayukan da aka rasa, wanda ya gudu ya bar ɗakin irinsa ya rasa aikin shekaru, don iri ba kuɗi ba ne da za a sa a aljihu. Mai noma da mai kiwo da mai sayen kaya duk suna cikin wannan asara.

Abin da ya rage a hannun hukuma shi ne amana tsakanin mai sayar da iri da mai saye. Ido ba ya bambanta tsabtataccen iri da na kasuwa, shi ya sa wanda ya wahala ya noma mai kyau ba ya samun farashin wahalarsa. Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ba ta da ma'aikatan da za su bi dubban ƙananan gonaki da cikakken tsarin tantancewa irin na Turai. Habasha da Tanzaniya da Uganda sun ɗauki wani matsakaicin mataki da FAO ta tsara: mai noman iri na ƙauye ya yi rajista, ya bi ƙa'idoji kaɗan bayyanannu, a duba wani kaso na gonakin, ya sayar a yankinsa kawai. In za a yi haka a Filato, ya kamata kowane buhu ya ɗauki takarda mai sunan nau'in, da sunan wanda ya noma shi da ƙauyensa, da watan da aka haƙa, da adadin shukar da ya yi a fili tun fitowarsa daga ɗakin gwaji. Ciwon yaushi kuma kada a yi masa sassauci ko kaɗan: gonar irin da aka ga gindi ɗaya mai shi, amfaninta duka na ci ne, a kuma ɗauki samfurin 'ya'yan sauran gonakin a kai Kuru a gwada kafin Maris, lokacin da manoma ke fara neman abin shukawa.